Sharhi kan wani kemis a Kano da ke ƙirga numfashin yaro kafin ya sayar da magani

A unguwarmu da ke gefen birnin Kano, shagunan sayar da magani suna da yawa, kuma kusan dukkansu kamarsu ɗaya: kanta a gaba, kwalabe jere a jikin bango, benci a bakin ƙofa, da wani matashi da ke jiran a faɗa masa abin da ake so ya miƙo. Kemis ɗin da zan yi sharhi a kansa bai fi sauran girma ba, bai kuma fi su araha ba. Abin da ya raba shi da su shi ne ɗabi'ar mai shi, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, wadda duk unguwa ke kira Sista. Idan aka zo mata da batun yaro mai tari ko mura, ba ta ɗauko maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, sai an kawo yaron ta gan shi da idonta, ta ɗaga rigarsa, ta ƙirga numfashinsa na tsawon minti ɗaya cikakke. Na daɗe ina kai 'ya'yana wurinta, na kuma sha zama a bencinta ina ganin yadda take mu'amala da sauran iyaye, don haka zan faɗi inda hidimar shagon ta yi kyau da inda ta gaza. Na sakaya sunan shagon ne saboda a cikin maganar akwai suka, kuma kurakuran da zan ambata ba nasa ba ne shi kaɗai.

Game da tsarin shagon, magana ba ta da tsawo. Lasisin hukumar PCN mai sa ido kan masu sayar da magani yana rataye inda duk mai shigowa zai gani. Rana ba ta dukan kantocin, akwai fanka mai aiki da sola da ƙaramin firij. Sista ta ce tana saro kayanta ne daga cibiyar dillancin magunguna ta Dangwauro, inda hukumomi suka umarci dillalan kasuwar Sabon Gari su koma, kuma duk kwalin da na saya a wurinta na same shi da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa a sarari. Wasu kwalayen suna da wurin da ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya domin tabbatar da cewa ba jabu ba ne, tsarin da NAFDAC ta fara a 2010, kuma ita da kanta take tuna wa mai saye ya kankare tun bai bar shagon ba.

Ƙirgar numfashin ita ce ginshiƙin hidimar, kuma ta cancanci a bayyana ta dalla-dalla. Sista ba ta ƙirgawa yaro yana kuka ko yana fizge-fizge, saboda kuka da tsoro suna ƙara saurin numfashi. Takan ce wa uwar, "Maman yaro, zauna ki rungume shi, idan ya yi shiru sai mu duba." Idan ya natsu sai ta naɗe rigar zuwa ƙirji, ta danna wani ɗan agogo da ke ƙara idan minti ya cika, ta zuba ido a kan cikin yaron yana tashi yana sauka, leɓenta na motsi a hankali. A cikin wannan mintin ko shagon ya cika ba ta kula kowa, mai sallama ma hannu kawai take ɗaga masa sai ta gama ta amsa. Ma'aunin da take bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne: ga jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri, daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, 40 ko fiye. Bayan ƙirgar takan duba ƙasan haƙarƙari ta ga ko yana lotsawa ciki sa'ad da yaron ke jan iska, ta saurara ko akwai ƙara mai kaushi daga maƙogwaro, ta auna zafin jiki, sannan ta maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa wadda ke nuna yawan iskar oksijin a cikin jini. Tambayoyinta ma sanannu ne: ko yana iya shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko yana barcin da tashinsa ke wuya, da kuma kwana nawa ke nan da fara tarin. Idan akwai zazzaɓi takan yi gwajin maleriya na ɗigon jini kafin komai.

Daga wannan dubawar hanya uku ce ke fita. Yaron da numfashinsa bai yi sauri ba kuma babu wata alamar haɗari, mura ce, ba a ba shi antibayotik. Wanda numfashinsa ya yi sauri amma yana sha yana ci, ana ɗaukarsa a matsayin mai nimoniya, wato ciwon huhu, a ba shi antibayotik mai suna amoxicillin. Wanda kuwa ya nuna alamar haɗari ko ɗaya, ko na'urar ta nuna ƙasa da 90, ko jariri ne da bai kai wata 2 ba, Sista ba ta sayar wa iyayensa komai don su koma gida. Takan rubuta abin da ta gani a 'yar takarda ta ce su wuce asibiti a lokacin, ba gobe ba.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan aikin na minti ɗaya ya fi duk abin da ke kan kantocin shagon daraja shi ne, kuskure iri biyu ake yi wa yara a wannan fanni, kuma kowanne yana da illa. Yawancin tari da mura da ke kama yara ƙwayar cutar bairos ce ke kawo su, ita kuwa antibayotik bakteriya kawai take kashewa, ba ta taɓa bairos ko kaɗan, ba ta rage kwanakin mura, ba ta kuma hana ta zama wani abu. Ba wa irin wannan yaron maganin hasarar kuɗi ce, ga kuma yiwuwar gudawa da ƙuraje a kan ciwon da yake da shi. A ɗaya gefen kuma nimoniya tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara 5 a 2019, kashi 14 cikin 100 na dukkan mace-macen wannan rukuni, kuma ƙiyasin UNICEF na 2018 ya sa Najeriya a kan gaba a duniya da yara 162,000. Wani babban bincike mai suna PERCH, wanda aka gudanar a ƙasashe 7 ciki har da Mali da Gambiya aka wallafa a 2019, ya gano cewa ko a cikin yaran da aka kwantar a asibiti da nimoniya mai tsanani, bairos ne sanadi a kusan kashi 61, bakteriya kuwa kashi 27. Sai dai a bakin kanta babu hanyar tantance wace ce wace, kuma ta bakteriya tana saurin hallaka yaro, shi ya sa ƙa'ida ta ce duk mai saurin numfashi a ba shi magani. Ƙirgar ba ta gano sunan ƙwayar cutar, amma tana raba yaran da cutar ta sauka huhunsu da waɗanda ta tsaya musu a hanci da maƙogwaro, kuma wannan rabuwar ce ake buƙata kafin a buɗe kwali.

Zaman bencin shagon ya nuna mini irin matsin da ke kan mai sayar da magani, kuma a nan ne mutum ke fahimtar abin da ke sa a riƙa ɗirka wa yara antibayotik ba gaira ba dalili. Matsi na farko daga wurinmu iyaye yake fitowa. Da yawa ba tambaya suke zuwa yi ba, da sunan maganin suke zuwa a bakinsu: wannan ya ce a ba shi Septrin, wancan ya ce Ampiclox, wani ya ciro tsohuwar kwalba daga aljihu ya ce irinta aka ba wan yaron bara ya warke. Sau da yawa ma uban ne ke biyowa a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, yaron yana gida, abin da ya sani game da ciwon bai wuce abin da aka faɗa masa a waya ba. Amsar Sista ga irin wannan guda ɗaya ce: "Alhaji, a kawo mini shi in gani, ko a kai shi asibiti. Ba na ba da wannan maganin ga yaron da ban gani ba." Wasu sukan koma su ɗauko yaron. Wasu kuwa tsallaka titi suke yi zuwa shago na gaba, inda za a miƙo musu ba tare da tambaya ba, kuma ina ganin cinikin da take rasawa ta wannan hanya ba ƙarami ba ne.

Ƙarƙashin wannan naci akwai wasu fahimtoci da suka yi kaka-gida a zukatan mutane. Ana ɗauka cewa da zarar majina ta yi kauri ta koma kore ko ruwan ɗorawa to bakteriya ta shiga, alhali launin yana fitowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yaƙar cutar, kuma murar bairos ma tana yin haka bayan 'yan kwanaki. Ana kuma ɗauka cewa tarin da ya wuce mako ɗaya ya fi ƙarfin jira, alhali tarin mura yakan kai mako biyu, wani lokaci har uku, kafin ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙaramin yaro mai lafiya yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman idan yana da yayye 'yan makaranta. Abin da ya fi ƙarfafa imanin shi ne daidaituwar lokaci: uwa takan haƙura kwana biyu ko uku, sai a sayo magani a daidai lokacin da murar ta fara sauka da kanta, yaro ya samu sauƙi, a ba wa kwalbar yabo, gobe kuma a sake nemanta da suna. Ga kuma maganar manya a gida, wadda ba a iya tsallakewa cikin sauƙi. Na ga wata matashiyar uwa da ta gamsu da bayanin Sista amma ta tsaya tana jan ƙafa, domin surukarta ta ce kada ta dawo sai an yi wa yaron allura. Sista ta karɓi wayar ta gaida dattijuwar da ladabi, tana ce mata Hajiya Babba, ta yi mata bayanin abin da ta gani a ƙirjin jikanta, ta kuma yi alkawarin sake duba shi kyauta idan aka ga wani canji. Wannan haƙurin yin magana da wanda ke da iko a gida wani ɓangare ne na hidimar da ban gani a wani shago ba.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ya fi kowane dalili nauyi. Zuwa asibiti yana nufin kuɗin adaidaita-sahu zuwa da dawowa, da kuɗin kati, da wuni a layi, ga magidancin da ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya kuwa wunin nan abincin gidansa ne. Kemis yana kusa, yana buɗe har dare, ana kuma iya cin bashi. Tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi kuma kamfanin haɗa magunguna na GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina harkokinsa kai-tsaye a Najeriya, farashin magunguna irin su Augmentin ya ninka, abin da ya ƙara tura mutane ga sayen magani gutsure-gutsure. Uba zai ce a ba shi na kwana biyu, idan Allah ya hore ya dawo ya cika, kuma da zarar zazzaɓi ya sauka ba a sake ganinsa. Wannan ya yi kama da manomin da ke tsinka maganin feshi da ruwa don ya ishe shi gonar: raunanan ƙwari za su mutu, masu taurin su tsira su hayayyafa. A nan Sista ta ɗauki matakin da na yaba ƙwarai. Idan ta tabbatar yaro na buƙatar amoxicillin, ba ta yanka adadin. Takan ba da cikakken na kwanakin, ta karɓi abin da ke hannun mutum, ta rubuta sauran a littafin bashi.

Shi ma mai shago yana da nasa dalilan, kuma adalci ne a faɗe su. Ribar kwalbar antibayotik ta fi ta paracetamol nesa ba kusa ba, kuma wanda ya fita daga shago hannu rabbana ba lalle ne ya dawo ba. Akwai kuma tsoro. Idan aka ba yaro magani ya rasu, mutane za su ce kwana ne ya ƙare. Idan aka hana shi ciwon ya tsananta, sunan wanda ya hana za a kama. Wannan tsoron ba a kemis kaɗai yake ba, yana bin ma'aikatan lafiya har cikin asibitocin sha-ka-tafi, inda mutum ɗaya ke duba layi mai tsawo ba tare da ɗakin gwaji ko hoton ƙirji ba, ya ga rubuta antibayotik ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali a kan bayanin minti biyar. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin yakan ƙaru, saboda ƙura da sanyi da hayaƙin itace a ɗakunan da aka rufe ruf suna sa kusan kowane gida ya kasance da mai tari. Sista takan tambayi uwa inda take girki da kuma ko yaron yana goye a bayanta lokacin hura wuta, tambayar da ke da tushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mace-macen yara ta nimoniya da gurɓatacciyar iskar cikin gida.

Maganin da take bayarwa idan ƙirga ta nuna nimoniya shi ne ƙwayar amoxicillin mai narkewa, mai nauyin miligiram 250, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matakin farko tun gyaran ƙa'idarta na 2014. Na yi amfani da ita na kuma yi amfani da ta ruwa, kuma a yanayinmu mai narkewar ta fi. Ana jefa ta a cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko ruwan nono, nan take ta narke, a ba yaro safe da yamma, yawanci na kwana 5, adadin ƙwayoyin kuma ya danganta da shekaru da nauyinsa. Ba ta buƙatar firij, ba a auna ruwa zuwa wani layi a jikin kwalba, babu kuma rikicin cokalin shayi da na miya. Ta garin da ake haɗawa a kwalba kuwa, da zarar an zuba mata ruwa kwanakinta ƙidayayyu ne, mako ɗaya zuwa biyu, ta fi son sanyi, kuma ragowarta ce ake ɓoyewa a saman kwaba a ba wa ƙani bayan wata biyu. Sista takan ba da shan farko a gabanta don uwa ta ga yadda ake yi, ta zana rana da wata a jikin ambulan ga wadda ba ta karatun boko, ta ce a dawo bayan kwana 3, ko nan take idan yaron ya daina sha ko numfashinsa ya ƙara wuya. Aibin ƙwayar shi ne wasu yaran suna tofar da ita, kuma ba kullum ake samunta a shagon ba. Na taɓa tarar da ta ƙare ana jiran sari, aka koma ga ta kwalba.

Ga mai mura kawai, abin da take bayarwa bai da yawa: paracetamol idan zazzaɓi na damunsa, ruwan gishiri na ɗigawa a hanci don ya samu shan nono, shawarar a ƙara shayarwa da ruwa, da zuma da ruwan ɗumi ga wanda ya haura shekara ɗaya, tare da gargaɗin cewa ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara zuma. Tana kuma neman katin rigakafi ta duba ko an yi wa yaron allurar Penta da ta PCV a mako na 6 da na 10 da na 14, waɗanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2012 da 2014 kuma suke kare yara daga manyan bakteriya biyu masu kawo nimoniya, da ta ƙyanda a wata na 9.

Babban aibin shagon shi ne duk abin da na bayyana yana tafiya ne da mutum ɗaya. Sista tana zama daga safe zuwa la'asar, bayan nan yaran shago ne ke tsare kanta har dare, kuma a hannunsu kemis ɗin yana komawa kamar kowane. Agogon ƙirga yana cikin durowa ba mai ɗauko shi. A gabana wani magidanci ya zo bayan isha'i ya ce 'yarsa mai shekara uku tana tari da majina, a haɗa masa magani. Ba a tambaye shi komai ba, aka haɗa masa antibayotik mai suna cefuroxime da maganin tari da na mura a leda, ya biya ya tafi. Da dare ne kuwa mafi yawan iyaye maza ke samun zuwa, wato a lokacin da aka fi buƙatar dubawar a lokacin ne babu ita. Na kuma ga ana sayar da kafso ja-da-yalo ɗaiɗai ga duk wanda ya nema, alhali tetracycline ne, wanda ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 saboda yana ɓata launin haƙora har abada. Da na yi wa Sista maganar ba ta musa ba, ta ce tana faɗa musu, amma faɗa ba tsari ba ne. Wanda ya iya horar da uwa a kan shan magani ya kamata ya iya horar da ma'aikacinsa a kan ƙirga, ko ya kulle kantar antibayotik da makulli idan zai tashi.

Wannan kantar ita ce damuwata ta biyu. A doka antibayotik suna cikin magungunan da ake sayarwa da takardar likita, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su gida uku: na amfanin yau da kullum kamar amoxicillin, na taka-tsantsan kamar cefuroxime da cefixime da azithromycin da allurar ceftriaxone, da na ajiya waɗanda ake ɓoyewa don ranar da komai ya gaza. 'Yan gida na biyu sun fi saurin haifar da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, amma su ne ke jere a inda ido ke fara sauka a shagon, kuma su ne mai kuɗi ke nema bisa zaton mai tsada ya fi ƙarfi. Abin ba na gobe ba ne. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ke da kaso mafi girma idan aka kwatanta da yawan jama'a. A watan Satumban 2024 shugabannin duniya sun amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 na antibayotik da mutane ke sha su kasance 'yan gida na farko, Najeriya kuma tana da shirinta na ƙasa na 2024 zuwa 2028 a ƙarƙashin jagorancin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka. Irin wannan buri a kantoci kamar wannan zai tabbata ko ya rushe, domin a nan ne yawancin yaranmu ke fara samun magani.

Akwai kuma jerin kwalaben maganin tari na yara da suka cika kanta guda, waɗanda amfaninsu ga ƙananan yara bai tabbata ba, kuma Sista da kanta ba ta ba da shawarar su amma tana sayarwa idan an nace. Bayan abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda yara kusan 70 suka rasu sakamakon lalacewar ƙoda da aka danganta da gurɓataccen maganin tari da mura na ruwa, ina ganin shagon da ke da irin wannan sanin ya kamata ya rage su. Shagon ba ya kuma ajiye rajistar yaran da aka duba, saboda haka idan uwa ba ta dawo ba babu mai sanin yadda aka ƙare.

Ya dace kuma mai karatu ya san iyakar ƙirgar kanta. Zazzaɓi mai zafi da maleriya da asma duk suna sa numfashi sauri, saboda haka wasu yaran za su sha amoxicillin ba tare da suna da nimoniya ba, kuma yaron da ke yawan shaƙewa da ƙarar fito a ƙirji likita yake buƙata, ba maimaita antibayotik ba. Tarin da ya wuce kwana 14 sai an bincika tarin fuka. Haka nan ba kowane ciwon maƙogwaro ba ne ake jira ya wuce: tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma ita bakteriya ce da ke buƙatar antibayotik da allurar karya dafi a asibiti cikin gaggawa. A kan wannan Sista ba ta wasa. Duk yaron da ya zo da ciwon maƙogwaro takan haska bakinsa da tocila ta nemi yana mai ruwan toka a maƙogwaro da kumburin wuya, idan ta yi zargi ta tura shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Hukuncina shi ne, ga yaron da ya haura wata 2, mai tari ko mura, yana ci yana sha, wannan shagon wuri ne da zan ba maƙwabcina shawarar ya je, da sharaɗin ya je da yaron, ya je kafin la'asar, ya kuma shirya wa jin cewa ba a buƙatar maganin da ya zo nema. Ba ta karɓar kuɗin dubawa, sai kuɗin gwajin maleriya idan an yi, farashin magungunanta kuma daidai yake da na maƙwabtanta. Bayan la'asar ba zan sayi antibayotik na yaro a can ba sai da takardar likita a hannuna. Ga jariri sabon haihuwa, ko yaron da ya kasa sha, ko yake jijjiga, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa sosai, ko leɓensa ya canja launi, kada a tsaya a kemis ko da Sista tana nan, a wuce asibiti mafi kusa da ke da iskar oksijin.